Gboard: yana gyara harafi, ba ya gyara ma'ana

Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sayen kaya a Kano ko Legas ba ya rabuwa da rubuta Ingilishi a WhatsApp, ko da kuwa da Faransanci ya yi boko. Gboard, allon rubutun waya na Google, kyauta ne, kuma wajen kama harafin da ya ɓace yana da ƙoƙari. Rubuta "recieve", nan take zai mayar maka da shi "receive".

Matsalar tana farawa ne idan ka kunna Faransanci da Ingilishi tare a allo ɗaya. Sai ya ƙyale "adresse" ta wuce cikin saƙon Ingilishi, tunda a Faransanci daidai take, alhali Ingilishi "address" yake so, d biyu, babu e a ƙarshe. Haka "exemple" da "example". Maganin shi ne ka shiga saitin harsuna, ka kashe rubutu da harsuna da yawa, ka riƙa sauyawa ta danne dogon maɓallin tazara. Ka kuma zaɓi Ingilishin Birtaniya, don shi Najeriya ta gada: "cheque" da "tyre", ba "check" da "tire" na Amurka ba.

Inda bai kamata ka dogara da shi ba sam shi ne kalmomin da dukansu suke cikin ƙamus. "Price" farashi ne, "prize" kuwa kyautar gasa. Ka tambayi dillali a Kantin Kwari "last prize", allon ba lalle ya ce uffan ba. "Lose" hasara ce, "loose" abin da ya yi sako-sako, kamar ƙusar da ba a ɗaure ba. Mai ba da rance yana "lend", mai karɓa yana "borrow". Mu da muke cewa "ranta mini" mu kan fassara shi "borrow me", kuma a takardar banki wannan kuskure ne.

Sai tarkon 'yan lakwal, wato masu bokon Faransanci: "actually" ba "actuellement" ta Faransanci ba ce, tana nufin "a gaskiya". Idan "yanzu" kake nufi, rubuta "currently".

Sunaye irin su Jibiya da Ɗan Isa kuwa, sa su cikin ƙamus ɗinka na kanka a saiti, in ba haka ba gyaran kai-tsaye yana iya sauya su kafin ka ankara ka tura.