Na'urar MinION: ƙarama ce, amma tana da ɗawainiya

Na'urar MinION ta kamfanin Oxford Nanopore da ke Ingila, wadda ta fara isa hannun masu bincike a 2014, ba ta kai girman wayar salula ba, kuma ta kebul ɗin USB ake haɗa ta da kwamfuta. Tana karanta jerin ƙwayoyin halitta ne yayin da zaren DNA ke ratsa wasu ƙananan ramuka, inda kowane harafi, wato kowanne daga cikin sinadaran da ke jere a zaren, ke sauya ƙarfin lantarkin da ke bi ta wurin.

An ga amfaninta a Gini lokacin annobar Ebola a 2015, sannan a asibitin Irrua na jihar Edo a 2018, inda ta taimaka wajen nuna cewa yawancin masu zazzaɓin Lassa daga ɓeraye suka kamu, ba daga juna ba. Wannan kaɗai, a ganina, ya isa a yaba mata.

Sai dai farantan da ake ɗora samfuri a kansu suna da tsada, ba sa daɗewa, kuma sai a firiji ake adana su na tsawon lokaci, abin da ke da wuya inda wuta ba ta tsayawa. Ɗakin gwajin da ba shi da sola ya fara tanadarta tukuna.