.tv, .to, .ws ko .nu, wanne ya kamata ka saya wa shafinka?

Masu tashar YouTube da 'yan fim da masu shirin hira yanzu kowa so yake ya mallaki shafinsa na kansa, kuma da ka je sayen domen, wato adireshin shafi a intanet, sai ka tarar sunan da kake so da .com wani ya riga ka tuntuni, daga nan sai idonka ya sauka kan .tv. To kafin ka zura katinka ka sani .tv ɗin nan ba don talabijin aka yi shi ba, haruffan wata ƙasa ne mai suna Tuvalu, kamar yadda .ng yake na Najeriya .ne kuma na Nijar. Haka .to na Tonga ne, .ws na Samoa, .nu na Niue, .tk na Tokelau, dukkansu tsibirai ne na yankin Polinesiya can tsakiyar tekun Pasifik, kuma halin da kowace ƙasa take ciki yana shafar abin da za ka saya.

Bari in daɗe kan Tuvalu don nata ne ya fi kasuwa. Tsibirai tara ne 'yan sirara tsakanin Hawayi da Ostireliya, in ka haɗa faɗin ƙasarsu gaba ɗaya murabba'in kilomita 26 ne kacal, mutanen kuma wajen dubu 11, wato filin ƙwallo na Sani Abacha da ke Kano zai ɗauke su duka har da sauran kujeru. Zamanin mulkin Ingila sunansu tsibiran Ellice kuma a haɗe ake mulkarsu da tsibiran Gilbert, sai suka yi ƙuri'ar raba gardama a 1974 suka ce a raba gari, suka samu 'yanci 1 ga Oktoba 1978, eh rana ɗaya suke biki da Najeriya. A Funafuti babban birnin wuri ya yi ƙaranci har titin saukar jirgin sama da sojojin Amurka suka yi lokacin yaƙin duniya na biyu shi ne dandalin gari, da yamma nan yara suke buga ƙwallo manya suna shan iska, in jirgi zai sauka daga Fiji a buga jiniya kowa ya kauce. Ba kogi ba ƙorama, ruwan sama suke tarawa a tanki su sha, abincinsu kifi da kwakwa da wani abu kamar gwaza da suke kira pulaka wanda ake shukawa a cikin ramuka.

Ƙasa irin wannan sai ga haruffa biyu sun zame mata rijiyar mai. Kuɗin .tv na daga cikin abin da ya taimaka musu suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2000, kamfanin Verisign ya daɗe yana riƙe da shi yana biyan gwamnatinsu wajen dala miliyan 5 duk shekara, a ƙarshen 2021 kwangilar ta koma hannun kamfanin GoDaddy. Wannan shi ne abin da ya sa nake fifita .tv, manyan kamfanoni ne suke kula da injinansa, ba wai wata kwamfuta ce a bakin teku da igiyar ruwa za ta iya kwashewa ba, kuma manya suna kai, Twitch, dandalin haska bidiyo kai tsaye, a twitch.tv yake, tashar Arise ta Najeriya ma arise.tv take. Google ma ba ya ɗaukarsa a na wata ƙasa, don haka ba zai riƙa tura shafinka wa mutanen Funafuti ya bar na Kano da Maradi ba.

Matsalarsa tsada. Kusan dala 25 zuwa 40 za ka riƙa biya duk shekara ya danganta da inda ka saya, alhali .com bai kai rabin haka ba a wurare da yawa, kuma ga tarkon da ke kama mutane, shekarar farko a yi maka ragi sosai ka ga kamar banza ta faɗi, sai ranar sabuntawa ka ga farashin gaskiya ga dala ta tashi. Gajerun sunaye masu daɗi kuwa wasu a rukunin firimiyam suke, waɗannan kuɗinsu ya kan kai ɗaruruwan daloli. Ka duba kuɗin sabuntawa kafin ka duba na saye.

Sai tambayar da kowa yake yi, to in teku ya cinye ƙasar fa? Ba wasa ba ne, wurin da ya fi tudu a Tuvalu bai kai mita 5 ba, lokacin babban ambaliyar teku a farkon shekara ruwa ta ƙarƙashin ƙasa yake ɓullowa, gishiri ya shiga ramukan pulaka ya lalata. A 2021 ministan harkokin wajensu na lokacin Simon Kofe ya yi wa taron sauyin yanayi jawabi yana tsaye cikin ruwa har gwiwa da kwat ɗinsa, a 2023 suka sa hannu da Ostireliya kan yarjejeniyar da ke ba mutum 280 damar komawa can duk shekara, a shekarar kuma suka gyara kundin tsarin mulkinsu suka rubuta cewa ƙasarsu tana nan har abada ko da tudun ya tafi. An taɓa kashe domen ɗin ƙasa kam, .yu na Yugoslabiya an rufe shi a 2010, amma .su na Tarayyar Sobiyat har yau yana aiki, kuma ko za a rufe shekaru ake bayarwa mutane su kwashe kayansu. Ni dai wannan ba zai hana ni saye ba.

Tonga masarauta ce mai mutum wajen dubu 100, ita ce Turawa ba su taɓa cire mata sarki ba, kariya kawai Ingila ta ba ta daga 1900 zuwa 1970, kuma ranar Lahadi a doka kasuwa a rufe take. Domen ɗinta .to gajere ne yana da kyau ga mai son link ɗan ƙarami, amma yawanci ya fi .tv tsada, kuma saboda an daɗe ba a bayyana bayanan masu shi, shafukan satar fina-finai sun yi masa yawa, in kai mai fim ne da ke kukan 'yan kwafi ban ga dalilin da za ka je ka kafa rumfa a layinsu ba. Abu ɗaya dai ya nuna, da dutsen Hunga Tonga ya yi aman wuta a Janairun 2022 ya tsinke wayar intanet ta ƙarƙashin teku ƙasar ta yi makonni a yanke, shafukan .to na duniya ba su mutu ba.

.ws ragowar tsohon suna ne, Samoa ta Yamma, tun 1997 suka cire Yamman amma haruffan suka zauna. Yana aiki lafiya, sunaye na nan birjik, sai dai ka gwada faɗa wa mutum a waya ko a rediyo, sai ka maimaita sau uku. Shi kuma .nu 'yan Suwidin ne suka fi amfani da shi, wata gidauniya ta can ce take riƙe da shi tun 2013, gwamnatin Niue mai mutanen da ba su kai dubu 2 ba har kotu ta je tana neman a mayar mata da kayanta. Abin da ake rigima a kansa kuma masu kallonka ba su san shi ba, bar shi kawai.

.tk kuwa da yawanmu da shi muka koyi harkar shafi don a da kyauta kamfanin Freenom yake bayar da shi, 'yan damfara suka cika shi, Meta mai Facebook ya kai kamfanin ƙara a 2023, rajista ta tsaya. Duk wanda ya ce zai buɗe maka shi kyauta yau ka riƙe kuɗin datarka.

In bidiyo ne sana'arka kuma za ka iya biyan dalar nan duk shekara ba tare da ka ci bashi ba, ɗauki .tv, ka haɗa da .com.ng na sunan don shi da naira ake biya kuma arha ne, ka sa shi ya riƙa tura mutane kan babban. In shago ne ko makaranta ko ƙungiya, .com.ng ko .ng ya ishe ka. Wajen biya ka fara duba kamfanonin gida ko suna sayar da domen ɗin da naira kafin ka shiga wahalar katin dala, kuma don Allah in wani yaro ne zai yi maka rajistar ka tsaya a kansa ya sa imel ɗinka da lambarka, don wanda imel ɗinsa yake kai shi ne mai domen, ba wanda ya biya ba.