Yadda na canza injin sit da hannuna a Amurka

Yaya barka da warhaka, ya iyali, a gaida min su Hajiya da yara. Kace in baka labarin harkar gyaran mota a nan, to ga shi da dumi duminsa, don satin da ya wuce ni da kaina na kwanta karkashin mota, ni da ko taya ban taba canzawa ba sanda ina gida.

Motar ce ta fara wata irin jijjiga, in na tsaya a danja tana silo sai sitiyari ya dinga rawa a hannuna har madubi na karkarwa, in na kunna esi abin ya karu, kuma duk sanda na sa ribas sai inji gum daga gaba kamar an doka guduma. Kasan a gida sai dai kawai ka karya kan mota ka shiga gareji oga ya kasa kunne yace kashe ta na gane, to nan ba'a fadowa makanike haka, sai ka buga waya an sa maka rana, dubawar ma kanta kudi ce. Da na kai ta gareji sukace injin sit ne guda biyu suka mutu, suka miko min takarda kudin kaya daban kudin aiki daban, kuma aikin da awa ake lissafa shi, akwai awannin da aka kayyade wa kowane aiki a kwamfuta, ko ya gama a rabin lokacin cikakke zaka biya. Da naga kudin hannu ya fi na kayan nesa ba kusa ba sai nace musu zan dawo. Har yau ina dawowa.

Shi injin sit din roba ce mai kauri da aka manna tsakanin karafa biyu, ita ke rike inji da giyabos a jikin mota tana shanye girgiza, tawa guda hudu gareta. Wani abokina ya nuna min yadda ake gane wanda ya mutu, na ja hambirki na danne birki sosai nasa giya na dan taba totur shi kuma yana tsaye a gefe (a gefe fa, ba a gaban mota ba) bonet a bude, wlh injin dagowa yayi kamar zai fito ya gaishe mu. Da muka haska fitila na bangaren dama robar ta tsage har wani bakin ruwa ya zubo ya bushe a jikinsa, ashe irin mai ruwa a ciki ne.

Wajen kaya kam gaskiya sun fi mu. Lambar shasi kawai zaka bayar, mai harufa da lambobi 17 din nan, su fito maka da daidai na motarka, babu zancen kwance tsohon ka tafi da shi kasuwa ana gwadawa da na beljiyam. Abin da ya fi bani mamaki shaguna irin su AutoZone da O'Reilly suna bada aron kayan aiki, ka ajiye kudi ka dauka in ka dawo da shi su maido maka kudinka cas. Amma fa kar ka dauka nan babu kayan banza, son araha yasa na fara sayen wani a intanet, roba zalla babu ruwa a ciki, na daura shi jijjigar ta fi ta da, dole na sake kwancewa na sa irin na asali. Aiki biyu kenan, na ci kudina da kaina.

Aikin a garejin gidan abokin nawa mukayi don inda nake haya yarjejeniya ta hana gyaran mota a wajen fakin. Farko mun dora motar kan kafafun karfe, ba'a shiga karkashin mota da jak kadai, sai muka sa jak karkashin botom filet (kaskon da man inji ke zama a kasa) da guntun katako a tsakani don kar ya lotsa, muka dan daga kadan yadda nauyin inji zai sauka daga kan sit din, kadan fa, in ka zarce sai ka ja tiyo ko waya ta tsinke. Wahalar duk tana wajen noti, nan jihar Ohayo gishiri suke zubawa a titi lokacin dusar kankara, duk karkashin mota tsatsa ce, wani noti daya sai da muka fesa masa mai muka barshi ya kwana, washegari da dogon bututu a jikin sifana ya saki da wata kara, yatsana ya daki karfe farcen har yanzu baki ne. A lokacin na tuna yaran gareji na gida, da tuni wani ya shige ya kwance shi yana dariya.

Daya bayan daya muka canza. Duk kusoshin da hannu zaka fara daura su, in rami bai hadu ba ka dan daga jak ko ka sauke har ya zauna, sai ka saki nauyin injin a kai sannan ka matse da sifana mai awo, tana yin kas in ya kai adadin da littafin motar yace. Da na tada ta sai da na kalli allo don in tabbatar tana kunne.

Taka da kace tana rawa in an sa esi, kasa a gwada ta yadda na fada, in shine ka dauki hoton lambar shasin, tana kasan gilashin gaba ta bangaren direba, ka turo min in saya in bada sako a kawo maka.