Na'urar busar da kayan miya mai faranti biyar: ko ta dace da adana naman kaza?

Don tumatir da tattasai aka ƙera ta, amma a watan Agusta, lokacin da naman kaza ke tsirowa a gonakin Shika da gindin dutsen Kufena a yankin Zariya, ɗaliban kimiyyar tsirrai ne suka fi buƙatarta. Naman kaza ba ganye ba ne da za a danne cikin jarida. Ruwa ne kusan kashi 90 cikin ɗari na jikinsa, kuma kwana ɗaya cikin leda ya isa ya ruɓe. Wanda zai kai samfur ma'adanar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru don a tantance shi a ba shi lamba, dole ya kai shi a bushe ƙarau.

Irin wadda ake samu a shagunan kayan kicin tana cin watt 250 ko kusa da haka, abin zafi da fanka na ƙasa, ga maɓallin da ke juyawa daga digiri 35 zuwa 70. A tsayar da shi tsakanin 40 da 45. Da zarar an wuce 50, samfurin dahuwa yake yi, launi ya tafi, ƙwayoyin gadon da za a so a bincika nan gaba kuma suna iya lalacewa. Lambobin jikin maɓallin ba abin dogaro ba ne, don haka a ajiye ma'aunin zafi a farantin ƙasa, domin shi ya fi zafi, a riƙa sauya wa farantan wuri bayan awa uku-uku.

Ƙanana suna bushewa cikin awa 8 zuwa 12. Ramukan farantin sun yi musu faɗi, sai an shimfiɗa ɗan yankin gidan sauro. Manya irin Termitomyces, mai fitowa a kan suri, a tsaga su gida biyu daga hula, wato saman da ya yi kama da laima, har ƙasa. Tsutsa na yawan ɓoyewa a cikin kara, in ba a tsaga ba ta cinye cikin kafin zafi ya kai gare ta. Doguwar jijiyarsa da ke nutsewa har gidan gara kuwa a tono ta gaba ɗaya, da ita ake gane shi. Ganoderma mai tauri da ke kan kututture ya fi ba na'urar wahala: tazarar farantan kaɗan ce, sai an yanka shi kaurin santimita ɗaya, a ba shi kamar kwana biyu. Ya bushe idan ya karye kamar biskit. In yana lanƙwasawa, da saura.

Babbar matsalar ita ce wuta. In aka ɗauke ta tsakar dare da damina, samfurin da ya fara bushewa zai sake jan laima, fumfuna ta hau shi. Maganin shi ne roba mai murfi da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi a gefe. Idan shuɗin launinsu ya koma ruwan hoda sun ƙoshi da ruwa, a gasa su a mayar. Na'urar kuma ba ta kashe ƙwan ƙwari a wannan zafin, sai an sa busasshen samfurin a firiza na mako guda kafin ya shiga ambulan.

Kafin komai ya hau faranti, a ɗauki hoto, a kife hula a kan farar takarda ta kwana don a ga launin garin da take zubarwa. Idan kore ne, Chlorophyllum molybdites ke nan, mai sa amai da gudawa. A rubuta ranar tsinka, wurin da lambobin GPS ɗinsa, abin da ya tsiro a kai, da warinsa, a bar takardar bayanan a farantin tare da samfurin, don bayan bushewa duk sun koma kama da juna.

Ga mai tara samfur goma zuwa sha biyar a fita ɗaya, kuɗinta ya halatta. Wanda ya fi haka, ko mai aikin Ganoderma zalla, gara kafinta ya haɗa masa akwatin katako mai raga da ƙwan fitila a ƙasa.