Sharhi a kan aikin mai auren mangwaro da na ɗauka a Daura

Shekara biyar da suka wuce na binne ƙwallon mangwaron gida guda 40 a gonata da ke wajen Daura, kuma da suka shekara ɗaya, kaurinsu ya kai kamar na fensir, sai na ɗauko wani mai renon itatuwa domin ya yi musu aure, wato ya haɗa musu reshen wani irin mangwaro a jikinsu. Shi ne tun farko ya hana ni sayen dashen da aka riga aka aurar a cikin leda, hujjarsa kuwa ita ce ƙwallon da ya tsiro a inda zai zauna yakan sauke saiwarsa can ƙasa ba tare da an katse ta ba, wanda shi ne abin da ke riƙe bishiya a rairayin ƙasarmu daga watan Oktoba har zuwa faɗuwar damina. Yau na shaida gaskiyar wannan magana.

A watan Yuli ya zo da rassan mangwaro irin Juli da Fita, waɗanda ya zage wa ganye tun suna jikin uwarsu kimanin mako guda kafin ya yanko su. Yakan datse kan ɗan itacen, ya tsaga shi, ya fiƙe gindin reshen ta ɓangarori biyu, ya cusa shi yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, sannan ya naɗe da leda tamau domin kada ruwa ko iska su shiga. Wuƙarsa kaifi gare ta kamar aska, kuma ban ga ya taɓa wurin yankan da yatsa ba. Cikin makonni uku guda 33 suka yi toho.

Inda ya gaza shi ne bayanin abin da zai biyo baya. Bai gaya mini cewa dole ne a riƙa cire duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar ba, saboda haka itatuwa huɗu suka koma mangwaron gida mai zare, wasu biyu kuma ledar ta shaƙe su don ban kwance ta da wuri ba. Ita ma gara ta cinye itatuwa uku a bazarar farko, amma wannan sakacina ne.

Waɗanda suka tsira sun fara 'ya'ya a shekara ta uku bayan auren, alhali na gida yakan kai shekara shida ko fiye. Zan sake kiransa a daminar bana domin cike guraben, sai dai wannan karon da sharaɗin zai dawo duba aikin sau biyu kafin in cika masa kuɗinsa.