Bakaniken da ke neman mota tun tana lafiya

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Zancen gosulo da tsadar haya a Legas kun sha ji, ba shi zan maimaita ba. Abin da ya sa na ɗauki waya yau wani kira ne da aka yi mini.

Ina zaune a rumfa da hantsi sai ga lambar bakaniken da nake kai wa mota a nan Agege, wani dattijon Bayarabe da kowa ke ce wa Baba. Gabana ya faɗi, don a saninmu bakanike ba ya neman mutum sai in akwai cikon kuɗi. Ya gaishe ni da Hausarsa ta zaman Agege, ya ce, "Alhaji, ka kawo mota gobe, lokacin juyen baƙin mai ya yi." Na ce, "Haba Baba, ai lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi." Ya ce shi ya sa ya kira, in ta fara tari ba zancen juye za mu yi ba, cinikin wani injin za mu je.

Da na je sai ya nuna mini inda ya samo ni. Wani littafi ne mai bangon kwali, duk maiƙo ya cinye gefensa, kowace mota da shafinta: lambarta, ranar da aka yi mata juye, abin da agogon nisan tafiya ya nuna a ranar, irin man da aka zuba, da abin da ya gani ya fara gajiya amma bai kai ga canji ba. A shafina har an rubuta cewa fanbel ya fara tsagewa, a duba shi zuwa na gaba. Yaronsa ke bin littafin duk farkon mako yana kiran waɗanda lokacinsu ya yi. Ba gilashi a garejin, ba iyakwandishan, rumfar kwano ce a bakin kwata. Amma tun da nake shiga gareji a Kano ban taɓa ganin wanda ya rubuta ko ranar da ya taɓa motata ba, balle ya neme ni.

Motar ba wata ta a zo a gani ba ce, Corolla ce ta 2005, tokumbo, daga Amurka ta shigo, a kasuwar motoci ta Berger na saye ta. Ranar da na fara kai masa ita tana ƙyalli, injin an wanke shi tas, ya ce wankin nan shi ne abin tsoro, don duk inda mai ke yoyo an goge shaida. Ƙa'idarsa a kan tokumbo ita ce a ɗauka ba a taɓa canja mata komai ba. Ba ka san wanda ya hau ta ba, ba ka san watannin da ta yi a filin gwanjo da cikin jirgin ruwa ba, agogon kuma ana iya mayar da shi baya. Ga shi mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, wanda ya ga 150,000 ya sani ta yi wajen kilomita 240,000 ke nan, in ma gaskiya agogon ya faɗa. Ya zubar da baƙin mai, ya canja filta da fulogi da man giya da man birki da ruwan lagireto, sannan ya jona wata 'yar na'ura a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wannan ramin, inda kwamfutar mota ke faɗin abin da ke damunta. Mu a gida in fitilar nan mai hoton inji ta kama, mai wayarin ake kai wa ya cire ƙwan, ko a manna mata baƙin salatif.

To, a wannan kiran na yi masa gardama, don agogo bai nuna na yi wata tafiyar kirki ba. Littafin motar mil 5,000 ya ce, kusan kilomita 8,000, ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Baba ya ce agogo juyin taya yake ƙirgawa, ba aikin inji ba. Daga Agege zuwa cikin Ikko bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba, amma sai ka share awa uku a hanya, inji na aiki, iyakwandishan na kunne, taya na tsaye. Man yana dahuwa, agogo bai sani ba. Don haka shi a kilomita 5,000 yake yanka wa motocinsa. Kada ku ce wannan matsalar 'yan Legas ce. Masu ƙera motocin sun lissafa abubuwan da ke saurin kashe mai, tsayuwa da inji a kunne na ciki, gajerun tafiye-tafiye na ciki, ƙura ma na ciki. Wa ya fi mu ƙura in hunturu ya kama? Amma filtar iska sai ta shekara uku ana kai wa mai faci yana hure ta da iska, har takardar ta huje, yashi ya riƙa wucewa kai tsaye yana cin ringin fistin.

Inda na fi jin kunya a madadinmu shi ne zancen tamostat, abin nan da ke daidaita zafin inji. Na ba shi labarin yadda ake yi a gida, mota na sauka daga tirela a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota, wai na ƙasar sanyi ne. Bai yi mamaki ba, ya ce a Legas ma masu yin haka sun fi yawa, kuma su ke ciyar da masu sayar da inji. Ya ɗauko wani tsoho daga cikin kwalin tarkace, ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, da sifirin a jikinsa, an buga 82 a gindinsa. Ya sa yaro ya tafasa ruwa a gwangwani ya jefa shi, muna kallo bakinsa ya buɗe a hankali, da aka tsamo shi ya huce ya koma ya rufe. Aikinsa ke nan: ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ya sake shi zuwa lagireto. In babu shi, inji na daɗewa bai ɗumama ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Rarar fetur ɗin ta wanke man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka baƙin mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke kukan tsadar fetur, amma mutum da kuɗinsa ya biya a cire abin da ke rage masa shan mai. Motar da ke zafi kuwa akwai dalilinta, ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ta mutu. Cire tamostat ɓoye ciwon kawai yake yi, har ranar da gasket zai ƙone tsakanin Zariya da Kaduna.

Haka zancen ruwa. Wa bai taɓa ganin direba ya buɗe bonet a tasha yana fasa ruwan leda da haƙori yana ɗura wa lagireto ba? Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri da ƙasa, su ke daskarewa su toshe ƙananan hanyoyin lagireto, su sa tsatsa ta ci famfo. Ruwan kulan, wato ruwan lagireto na galan, ba kala ba ce kawai, akwai maganin tsatsa a cikinsa, kuma ya fi ruwa jure zafi kafin ya tafasa. Irin mai ruwan hoda na Toyota, bayan zubin farko, sai an yi kilomita 80,000 ake canja shi. Kuɗin galan ɗaya ake ƙyashi, a zo a sayi lagireto. Sai kuma baƙin mai mai kauri. A murfin injina an rubuta 5W-30 ɓaro-ɓaro, amma da a gida ne da tuni an ɗura mata 20W-50, wai zafin ƙasarmu na tsinka mai. Injinan nan hanyoyin mansu ƙanana ne, mai kauri ba ya isa sama da wuri in an tayar da safe, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Kada ku ɗauka Legas aljannar mota ce. Kayan jabu sun yi yawa, kwalin filta iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, ciki kuwa takardar banza. Baba in ya gama juye sai ya soka wa galan sukundireba a gabana, don yara na bi suna sayen fanko a kai a sake cikawa da wani abu a liƙe. A wani garejin da na taɓa tsayawa kafin na san shi, daga jin harshena aka ce "aboki", kuɗin aiki ya ninka nan take. Kuma ba a barin mota a tafi, sai ka dawo an buɗe salansa an kwashe abin nan da suke kira indomi, mai tace hayaƙi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Damina kuma ga ambaliya. Inji in ya shaƙi ruwa ta hanyar iska, fistin ba ya iya matse ruwa, sai sandarsa ta lanƙwashe, shi ke nan. Danshin garin ma man birki na tsotsarsa. Kaya dai akwai su, wannan ba musu. Kasuwar Ladipo da ke Mushin, in ka shiga layin injina sai ka rantse duk motocin Turai a nan aka yanka su, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba ta kama ƙafarta ba.

Duk da haka wani lokaci ina kewar garejin gida. Inuwar darbejiya, benci, mai shayi a gefe, a yi sallar la'asar tare, in kuɗinka bai cika ba a ce ka kawo in Allah ya hore. Ga kunne. Na san bakanike a Kano da zai ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya faɗa maka wane bearin ne ke kuka. A nan ba bashi, ba hira, ka biya ka matsa wani na jira. Ƙwarewa ba ita muka rasa ba. Mu masu motocin ne ba ma zuwa sai a kan igiyar ja, in bakanike ya ce a canja abin da bai mutu ba mu ce yana neman na cefane. In inji ya buga kuma mu ce tsautsayi.

Su ma nan ba wai sun fi mu hankali ba ne, tsoro ne ya koya musu. Mota ta mutu maka a tsakiyar gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, ba gefen fakewa, ga kuɗin janwe, ga zauna-gari-banza sun kewaye ka kafin ka buɗe bonet. Ga kuma gwamnatin jihar, tun Janairun 2022 ta ce ba takardar lafiyar mota sai an kai ta cibiyar gwaji an ɗora ta a na'ura. A Kano kuwa in ta tsaya, kafin ka fito mutum biyar sun sa hannu suna turawa, wani ya ba ka ruwa, wani ya kira maka ƙaninsa bakanike. Alherin nan namu shi ya sangarta mu.

Saƙo na musamman ga ƙanena da ke jan Accord ɗin Alhajinmu, mai silinda shida ɗin nan ta 2004. Tawa sarƙa ce ke haɗa sama da ƙasan inji, taku bel ne na roba, kuma Honda ta ce a canja shi wajen mil 105,000 ko shekara 7. Tun da aka sayo ta ban ji an taɓa shi ba. Ba ya ƙara, ba ya gargaɗi, ranar da ya tsinke fistin zai daki bawul, inji ya tashi aiki. Ka kai ta a buɗe a canja shi tare da famfon ruwa, tunda wuri ɗaya suke, kafin ku ɗauki hanyar Sakkwato bikin nan. Kuɗin ina turowa ranar Juma'a, kuma ka ajiye mini tsohon bel ɗin in gani in na zo.