Kwalin yanka na awon jikina: abin da na samu a wani shagon ɗinki a Kano

Shekara tara ke nan ina ɗinka wa kaina da 'ya'yana kaya a gida, a kan keken Butterfly mai ƙafa wanda mahaifiyata ta bar mini. Yanka na koya irin na telolinmu, wato a ɗauki awo da tef, a zana da alli kai tsaye a kan yadi, a sa almakashi. Wannan hanya ta wadatar da ni a kan bubu da siket da kayan yara, amma duk ranar da na ce zan ɗinka riga mai bin jiki, sai kafaɗa ta zame, ko wuya ya buɗe baki, ko kuma gaban rigar ya ɗage sama ya bar baya yana reto.

Kafin in kai ga shagon da nake son yin magana a kansa, na gwada takardun yanka na ƙasashen waje, wato takardun da aka zana sassan riga a kansu domin a ɗora a kan yadi a yanka, waɗanda wata 'yar uwata ta zo mini da su. Sana'ar buga irin waɗannan takardu ta daɗe, domin tun 1863 Ebenezer Butterick ya fara sayar da su a Amurka bisa girma daban-daban, mujallar Burda ta Jamus kuma ta fara saka su a cikin shafukanta a 1952. Babu laifi a aikinsu, sai dai an zana su ne a kan wani jiki na tsaka-tsaki wanda ba nawa ba. Manyan kamfanonin Amurka suna zana na mata a kan tsawon ƙafa biyar da inci biyar zuwa shida, kuma suna ɗauka cewa cikar ƙirji ba ta ɗara saman ƙirji da fiye da kimanin inci biyu ba. Ni gajera ce, tawa tazarar kuwa ta kai inci huɗu. Idan na zaɓi lamba bisa cikar ƙirji, kafaɗa da wuya su yi mini yawa. Idan na zaɓa bisa kafaɗa, zif ya ƙi rufuwa. Akwai hanyar tsaga takardar a buɗa ta a ƙara mata wuri a ƙirji, kuma na koya, amma maimaita wannan tiyata a kan kowace sabuwar takarda ya gundure ni.

A wajen wani biki ne na ji labarin wata Hajiya da ke da shagon ɗinki da koyarwa, wadda ke auna mutum ta zana masa kwalin yanka na jikinsa shi kaɗai: gaban riga, bayan riga, hannu, da siket gaba da baya. Ba samfurin wani ɗinki take sayarwa ba, tushe ne wanda mai ɗinki za ta riƙa ɗorawa a kan wata takarda tana fitar da duk salon da take so. Kuɗin da ta nema ya kai abin da tela mai kyau zai karɓa a ɗinkin riga da siket guda biyu, kuma ta ce gyara sau ɗaya yana cikin kuɗin.

Ranar awo ita ce ta fara sa na yarda da shagon. Telan unguwa yakan ɗauki awo shida ko bakwai a tsaye cikin minti biyu, wani lokaci ma a kan hijabi. A nan sai da aka shigar da ni ɗaki aka saki labule, aka ce in rage kaya in bar irin abin da na saba sawa a ciki, sannan aka ɗaura mini siririn igiya a ƙugu aka ce in ɗan lanƙwasa hagu da dama har ta zauna inda ƙugun yake na gaskiya, wanda ya fi inda nake ɗaura zani bisa da kusan inci biyu. Daga wannan igiya aka auna tsawon gaba da tsawon baya. Hajiya da kanta ta riƙe tef, yarinyarta tana rubutawa, kuma na ƙirga awo ashirin da biyu. Da ta zo kafaɗa sai ta tsaya ta ce, "'Yar uwa, a dama kike rataya jaka, ko?" Ashe kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka da rabin inci, abin da ya bayyana mini dalilin da ya sa kullum ɓangare ɗaya ne na rigunana ke tattarewa a ƙarƙashin hammata.

An yi mini alkawarin mako guda, amma sai da na yi sawu biyu, na karɓa a rana ta goma sha ɗaya. Wannan ban riƙe shi da zafi ba, domin lokacin ya faɗo daf da ƙaramar Salla, kuma duk wanda ya san shagon ɗinki a ƙarshen azumi ya san halin da ake ciki. Kwalin mai kauri ne, an yanke shi da tsabta, an huda wurin da kowane dat (wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa domin yadi ya bi surar jiki) zai ƙare, an kuma yi 'yan tsage a gefe domin a san inda hannu zai haɗu da jikin riga. Abu biyu ne suka ɓace waɗanda bai kamata su ɓace ba. Ba a rubuta ko an saka alawus na ɗinki (wato rarar yadin da ake bari a gefe bayan layin ɗinki) ko ba a saka ba, kuma ba a ja layin da ke nuna yadda za a daidaita kwalin da tsawon yadi ba. Takardun Amurka galibi suna zuwa da alawus ɗinsu na inci 5/8, na cikin mujallar Burda kuwa babu, mai ɗinki ce ke ƙarawa, kuma kowanne yana faɗa a rubuce. Da ban kira waya na tambaya ba, da na yanka daidai bakin kwalin, rigar ta rasa fiye da inci biyu a kewaye. Yarinyar da ta ɗauki wayar ta ce, "Ai Anti, kowa ya san ba a sawa," alhali masu zuwa sayen irin wannan kwali yawancinsu masu ɗinkin gida ne, ba ɗaliban shagon ba.

Ban taɓa atamfata ba sai da na gwada a kan akoko, yadi biyu da na saya a Kantin Kwari, na harhaɗa da dogon ɗinki mai sauƙin farkewa. Da na tsaya gaban madubi na ga abin da ban taɓa gani ba a ɗinkin hannuna. Ɗinkin kafaɗa ya kwanta daidai kan ƙashi, wuya ya lafe a ƙirji ba tare da na sa fil ba, dat ya ƙare kimanin inci ɗaya kafin tsinin ƙirji maimakon ya hau kansa, kuma yadin da ya saba taruwa a ƙasan bayana, saman mazaunai, ya ɓace, saboda an rage tsawon tsakiyar baya. A kan jikin riga da siket ba ni da abin cewa sai yabo.

Matsalar ta fito ne da la'asar. Na manta ban cire rigar gwajin ba, na zura hijabi na tayar da salla, kuma tun daga ɗaga hannu na kabbara na ji rigar gaba ɗaya ta biyo hannuwana sama. A ruku'u bayan ya ɗaure kamar an ja ni da igiya, a sujada kuwa na ji ɗinkin bayan hammata ta dama ya ce ɓarat. Da na idar na cire na duba, sai na ga hannun ne: an zana kansa da tudu mai tsini sosai, damtsen bai ɗara awona da ko inci ɗaya ba, ramin hammata kuma an zurfafa shi ƙasa. Irin wannan hannu yana da kyau matuƙa ga mai tsayawa a ɗauke ta hoto da hannuwa a sake. Ga wadda za ta yi salla sau biyar, ta goya yaro, ta miƙa hannu ta sauke tukunya daga kanta, ba zai yi ba, musamman a atamfa ko shadda da ba su da ko ɗigon talewa.

Da na koma, Hajiya ba ta karɓi maganar nan take ba. Ta ce haka ake zana hannu a littafi, kuma idan ina son sakewa sai a ƙara zurfafa hammata. A nan ne muka ɗan yi ja-in-ja, domin abin da na sani daga wahalar da na sha shi ne akasin haka. Hammata mai zurfi ita ce ke ɗaure hannu da jikin riga, ta yadda hannu ba zai tashi ba sai rigar ta tashi tare da shi. Wadda ta matso kusa da jiki ita ce ke barin hannu ya yi motsinsa shi kaɗai. Na roƙe ta in sa rigar a gabanta, na ɗaga hannu, na sunkuya. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ɗauki almakashi ta farke hannun da kanta, ta maƙala ƙyalle da fil a ƙasan ramin ta ɗago shi da inci 3/4, ta tsaga hannun a tsaye ta buɗa shi har damtsen ya samu sarari inci biyu, wanda hakan ya sauke tudun kansa, ta kuma ƙara rabin inci a faɗin baya ta kowane ɓangare. Ban san teloli da yawa da za su yarda mai kawo aiki ta gyara musu a gaban yaransu ba, kuma wannan ya ƙara mata daraja a idona fiye da kyawun kwalin kansa. Sabon hannu da sabon baya sun fito bayan kwana uku, ba ta karɓi ƙarin ko sisi ba, kuma a wannan karon an rubuta maganar alawus a jiki da jan biro.

Akwai abin da kwalin ba zai koya wa kowa ba, shagon ma bai yi bayaninsa ba, wato yadda za a shimfiɗa shi a kan atamfa. Turmi yadi shida ne, faɗinsa kuma tsakanin inci 45 da 48, kuma idan aka fitar da zani da ɗankwali abin da ya rage ba shi da yawa. Idan zanen atamfar mai fuskantar gefe ɗaya ne, ba a juya kwalin baya ƙasa-sama domin tsimin yadi, in ba haka ba tsuntsayen gaba su tashi sama, na baya su yi ƙasa. Haka kuma babban fure kan iya faɗowa daidai inda mace ba ta son ido ya tsaya. Ni nakan kwafe kwalin a kan farar leda mai nuna abin da ke ƙasa, in yi ta matsar da ita har zanen ya zauna inda nake so, kuma nakan jiƙa yadin auduga in shanya in goge kafin yanka, domin yakan ɗan tsuke a wankin farko, kuma riga mai bin jiki ba ta da rarar da za ta yafe wannan.

Zuwa yanzu na fitar da riguna biyar da doguwar riga ɗaya daga wannan kwali, kuma babu wadda na farke fiye da sau ɗaya, alhali a da nakan farke hannu sau uku kafin in haƙura. Wadda ɗinkinta bai wuce bubu da abaya ba, ba ta da buƙatar kashe wannan kuɗi, tef da alli sun ishe ta. Haka ma wadda ke da juna biyu ko take shayarwa gara ta dakata har jikinta ya tsaya, domin kwalin awon rana ɗaya ne, kuma sake zana shi sabon kuɗi ne. Amma wadda ta iya keke, ta gaji da rigar da ke zamewa a kafaɗa, zan ce ta je, da sharaɗin ta tambayi maganar alawus kafin ta bar shagon, ta ɗinka gwaji a akoko, kuma ranar komawa gyara kada ta tsaya ƙiƙam gaban madubi. Ta ɗaga hannu, ta yi ruku'u, ta zauna a tabarma, duk a gaban mai zanen.